Sharhi: Yaƙin da ake yi a cikin hanta, da yadda ya shafi masarautar Gumel

A watan Oktoban 2025 ne aka sanar a birnin Stockholm cewa masana uku, Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan, da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka, su ne suka lashe lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. An karrama su ne saboda gano wasu ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne tsawata wa garkuwar jiki, don kada ta juya ta far wa jikin da take karewa.

Ga mai sauraro a Gumel ko Maigatari, wannan labari ne irin wanda akan ji a rediyo da safe, a manta da shi kafin azahar.

To amma waɗannan ƙwayoyi masu tsawatarwa suna cikin abubuwan da likitocin sankarar hanta suka shafe shekaru fiye da ashirin suna ƙirgawa a cikin ƙarin da suka yanko daga jikin majinyata. Abin da ƙirgen ya nuna kuwa shi ne, tsawon kwanan majinyaci bayan tiyata yana da alaƙa mai ƙarfi da irin ƙwayoyin garkuwar da suka kutsa cikin ƙarin, da yawansu, da kuma ɓangaren da ya rinjaya a tsakaninsu.

Sankarar hanta dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane kimanin 866,000 ne suka kamu da ita a faɗin duniya, kimanin 758,000 kuma suka mutu, abin da ya sa ta zama ta uku wajen kisa a jerin cututtukan daji. Yammacin Afirka na daga cikin yankunan da ta fi ƙamari, kuma manyan dalilanta biyu a yankin, wato ciwon hanta nau'in B da gubar fumfunar da ke kama amfanin gona, duka suna nan a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Abin da ake gani a madubin likita

Idan aka yanko ƙari daga hanta, aka fere shi siriri, aka rina shi, aka sa a ƙarƙashin madubin likita, ba ƙwayoyin sankara kaɗai ake gani ba. Akwai jijiyoyin jini, akwai tabo, akwai kuma fararen ƙwayoyin jini iri-iri da suka shigo daga waje.

Biyu daga cikinsu ne suka fi jan hankalin masana, kuma dukansu na cikin dangin da ake kira ƙwayoyin T. Na farko su ne masu kisa, waɗanda ake gane su da alamar CD8. Su ne ke laluben duk wata ƙwayar halitta da ta lalace ko cuta ta shige ta, su huda ta, su zuba mata sinadarin da zai hallaka ta. Na biyu su ne masu tsawatarwa, waɗanda Sakaguchi ya bayyana a 1995, kuma ake gane su da alamar FOXP3, wato ƙwayar gadon da Brunkow da Ramsdell suka gano muhimmancinta a 2001. Mutumin da aka haifa ba tare da su ba, garkuwar jikinsa ce ke cinye shi tun yana jariri. Saboda haka ba abokan gaba ba ne. Matsalar ita ce sankara ta iya janyo su jikinta, ta fake a bayansu.

A 1998 wasu likitoci na jami'ar Kurume a Japan suka duba ƙananan ƙari da aka cire daga hantar majinyata 163. Goma sha ɗaya daga ciki an same su cike maƙil da ƙwayoyin garkuwa. Dukan waɗannan mutum 11 suna raye bayan shekara biyar, alhali a cikin sauran kimanin kashi 65 cikin ɗari ne suka kai wannan lokaci. Cutar ta sake dawowa ga mutum ɗaya kacal cikin goma sha ɗayan, amma ta dawo wa kusan rabin sauran.

Mutum goma sha ɗaya ba su isa a kafa hujja da su ba, kuma masana sun san haka. Binciken da ya fi ƙarfi ya fito ne a 2007 daga asibitin Zhongshan na jami'ar Fudan a birnin Shanghai, inda aka bi sawun majinyata 302 da aka yi wa tiyata. A nan ba a tsaya ga yawan ƙwayoyin kawai ba, an auna rinjaye ne tsakanin ɓangarorin biyu. Waɗanda ƙarinsu ke da masu kisa da yawa kuma a farke, masu tsawatarwa kaɗan, kashi 64 cikin ɗari sun kai shekara biyar. Waɗanda abin ya kasance akasin haka, kashi 24 cikin ɗari ne kawai suka kai. Cuta ɗaya ce, asibiti ɗaya, aiki iri ɗaya.

A shekarar ce kuma wasu likitocin a Beijing suka nuna cewa a jikin masu sankarar da ciwon hanta nau'in B ya haifar, ƙwayoyi masu tsawatarwa na ƙaruwa yayin da cutar ke ci gaba, suna kuma dakushe kaifin masu kisan. Wannan ya zo daidai da abin da Jérôme Galon da abokan aikinsa a Paris suka gani a sankarar hanji a 2006, cewa wani lokaci ƙirga ƙwayoyin garkuwa ya fi auna girman ƙari faɗin abin da zai biyo baya.

Daga nan bincike ya yi ta zurfi. A 2017 wani ayari ƙarƙashin Josep Llovet ya nazarci samfurori sama da 900, ya ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na sankarar hanta ke da garkuwa mai motsi a cikinsu, kuma ko a cikin waɗannan akwai inda dakarun suka gaji liƙis. A Beijing, a shekarar dai, an bi ƙwayoyin T sama da 5,000 ɗaya bayan ɗaya daga majinyata shida, aka tabbatar da yawan gajiyayyu da masu tsawatarwa a cikin ƙarin.

Sai dai ya kamata a lura cewa alaƙa ce waɗannan bincike suka nuna. Ba su tabbatar da cewa yawan dakarun ne kaɗai ya tsawaita kwana ba, domin mai yiwuwa ƙarin da bai cika zafi ba ne ke barin dakaru su shiga tun farko. Sai da aka samu maganin da ke farkar da dakarun, aka ga majinyata sun ƙara kwana, sannan hujjar ta yi nauyi.

Me ya sa hanta ta cika haƙuri?

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda bakin iyaka yake: raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, buhunan hatsi daga kudu, dubban mutane na shiga da fita. Jami'in da ya ce sai ya kwance kowane buhu ya tsare kowane baƙo, to kasuwar ba za ta ci ba.

Haka matsayin hanta yake a jiki. Kimanin kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shigarta daga hanji yake zuwa, ɗauke da abin da aka ci da ɓurɓushin ƙwayoyin da ke zaune a hanji. Da garkuwar jiki za ta tayar da yaƙi a kan kowane baƙon abu da ya bi ta wannan hanya, da mutum bai ci tuwo ya kwana lafiya ba. Don haka aka halicci hanta da kawaici. Masu gadin jijiyoyinta, waɗanda ake kira da sunan masanin nan Bajamushe Kupffer da ya bayyana su a 1876, suna haɗiye datti ba tare da sun yi kururuwa ba. A 1969 likitan tiyata Roy Calne na Cambridge ya nuna cewa akan dasa wa alade hantar wani aladen, jiki ya karɓe ta ko da ba a ba shi maganin danne garkuwa ba, abin da ba ya faruwa da ƙoda ko fata.

Wannan kawaici ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B ke amfani da shi. Ita kanta ƙwayar ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta ba. Ɓarnar na zuwa ne daga yaƙin da garkuwar jiki ke yi da ita, yaƙin da ba a ci ba kuma ba a daina ba, shekara ashirin, shekara talatin. Hanta na mutuwa kaɗan-kaɗan tana sake tsirowa, tabo na taruwa, dakarun kuma na gajiya, har su fara ɗaukar wata alama a jikinsu da ake kira PD-1, wadda tamkar linzami ce da ake ja musu. Bayan haka ƙwayar cutar kan cusa nata gadon cikin na ƙwayoyin hanta, shi ya sa takan haifar da sankara ko da hantar ba ta kai ga ƙeƙashewa ba.

Wato kafin ƙari ya fito, fagen ya riga ya lalace. Wani nazari da aka yi a Singapore aka wallafa a 2019 ya kwatanta sankarar da nau'in B ya haifar da wadda ba ƙwayar cuta ce ta haifar ba, ya samu cewa ta farkon ta fi yawan ƙwayoyi masu tsawatarwa, kuma ta fi danne garkuwa.

Daga zanen goyo

Binciken ƙasa da gwamnatin Najeriya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. A rahotonta na 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ciwon hanta a duniya. Akasarin masu ɗauke da cutar ba su sani ba, domin ba ta ciwo, ba ta zazzaɓi, sau da yawa ko shawara ba ta sa wa.

Abin da ke yanke hukunci shi ne shekarun da mutum ya kamu. Baligin da ƙwayar ta shige shi, a mafi yawan lokuta garkuwarsa kan kore ta cikin 'yan watanni, ƙasa da kashi biyar cikin ɗari ne ke zama da ita. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa kuwa, kusan tara cikin goma za su rayu da ita har tsufa, idan sun kai tsufan. Garkuwar jariri ba ta ɗaukar ƙwayar a matsayin abokiyar gaba yadda ya kamata, sai ta zauna.

A Yammacin Afirka cutar na yaɗuwa daga uwa zuwa jariri, tana kuma yaɗuwa tsakanin ƙananan yara ta hanyar jini da ƙuraje da kayan aski. A nan ne maganar wanzamai ke shigowa, kuma magana ce da ke buƙatar adalci. Wanzami shi ne mai cire beli, mai askin suna, mai kaciya, mai ƙaho, kuma a ƙauyuka da dama ya fi malamin asibiti kusa da jama'a. Aska ɗaya da ta taɓa jinin yaro mai ɗauke da cutar tana iya kai ta ga na gaba, domin ƙwayar na iya rayuwa a busasshen jini har mako guda. Wanzamai da yawa sun koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum tun zamanin wayar da kai kan cutar ƙanjamau, kuma wannan ci gaba ne da ba a cika yaba musu a kai ba.

Sakamakon kamuwa da wuri shi ne sankara da wuri. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa majinyata 2,566 daga asibitocin ƙasashen Afirka tara ciki har da Najeriya, ya raba Masar da sauran. A Masar, inda nau'in C ya fi yawa, tsaka-tsakin shekarun majinyaci 58 ne. A sauran ƙasashen 46 ne, kuma nau'in B ne babban dalili. Wannan shi ne shekarun magidancin da ke noma, yake biyan kuɗin makaranta, yake riƙe da iyayensa.

Gyada da fumfuna

Dalili na biyu yana cikin rumbu. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su da tunkuzar gyadar da aka shigo da ita daga Brazil. Binciken musabbabin mutuwarsu ne ya kai ga gano gubar aflatoxin, wadda wata fumfuna da ke zaune a ƙasa ke samarwa a jikin gyada da masara musamman. Girki ba ya kashe ta, suya ma haka.

Yanayin arewacin Jigawa ya dace da wannan fumfuna. Ƙasar yashi ce, damina gajera, kuma idan ruwa ya ɗauke kafin gyada ta nuna, kwanson kan tsage a cikin ƙasa mai zafi, fumfunar ta samu ƙofa. Sauran ɓarnar na faruwa ne bayan girbi, in an shanya a ƙasa, ko an ɗura a buhu da sauran danshi. Gero, wanda shi ne abincin yau da kullum a yankin, bai cika kamuwa kamar masara da gyada ba, kuma wannan wata rahama ce. To amma akwai al'adar da kowa ya sani: gyada mai kyau ita ake kaiwa kasuwa, motsattsa da mai baƙi-baƙi kuma ta tsaya a gida, ta shiga ƙuli-ƙuli da kunu da miya.

Gubar na bin jini zuwa hanta, ta lalata wata ƙwayar gado mai suna TP53, wadda aikinta shi ne hana lalatacciyar ƙwayar halitta hayayyafa. Takan bar tambari a wuri guda takamaimai, wanda aka fara ganowa a 1991 a majinyatan Qidong ta ƙasar Sin da na kudancin Afirka, daga baya kuma aka same shi da yawa a Gambiya. Idan gubar ta haɗu da nau'in B, haɗarin ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake yi. Wani bincike da aka yi kan maza a Shanghai a shekarun 1990 ya nuna mai ɗauke da abubuwan biyu ya fi wanda ba shi da ko ɗaya haɗarin kamuwa da sankarar hanta kusan sau 60.

Akwai kuma alamar cewa gubar na taɓa dakarun kansu. Wani ƙaramin nazari da aka yi a Ghana a 2005 ya samu cewa mutanen da ke da gubar da yawa a jininsu, ƙwayoyinsu na CD8 ba su cika ɗauke da makaman huda da kisa ba. A jini aka auna, ba a cikin ƙari ba, kuma mutanen ba su da yawa. Duk da haka abin lura ne, tunda irin waɗannan ƙwayoyi masu makami ne likitocin Shanghai suka samu suna tafiya tare da tsawon kwana.

Maganin da ke sakin linzami

Tsawon shekaru, mai sankarar hantar da ta wuce tiyata ba shi da wani magani na kirki. A 2007 aka samu sorafenib, wanda ya ƙara tsaka-tsakin kwana daga kusan wata 8 zuwa kusan wata 11, aka yi ta murna.

Sauyin ya zo ne daga aikin James Allison da Tasuku Honjo, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2018. Su ne suka nuna cewa idan aka toshe linzamin da ke jikin ƙwayoyin T, dakarun da suka gaji kan farfaɗo su koma kan sankara. A 2020 aka wallafa sakamakon gwaji kan majinyata 501, inda aka haɗa atezolizumab, mai sakin linzamin, da bevacizumab, mai hana ƙari shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini. Tsaka-tsakin kwana ya kai wata 19, na masu shan sorafenib kuma wata 13. A 2022 Amurka ta amince da wani haɗin, durvalumab da tremelimumab, wanda daga baya aka ga kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka ba su suna raye bayan shekara biyar, ninki biyu na waɗanda aka ba tsohon maganin.

Ba kowa yake amfana ba. Kimanin kashi 30 cikin ɗari ne ƙarinsu ya ragu a gwajin na 2020, kuma har yanzu babu wani awo guda da likita zai yi ya tabbatar tun farko wa zai amfana. Akwai ƙarin da ke rufe ƙofa gaba ɗaya, babu dakarun da za a farkar a cikinsa. Wani nazari na 2021 ya ja hankali da cewa masu sankarar da ƙwayar cuta ta haifar kamar sun fi amfana a kan waɗanda kitsen hanta ya jawo wa, ko da yake gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka goyi bayan hakan ba, kuma muhawarar na nan. Abin da ya fito a gwaje-gwajen biyu shi ne masu nau'in B na cikin waɗanda suka amfana. A takarda ke nan, irin majinyacin da ake samu a Gumel yana cikin waɗanda wannan magani zai iya yi wa rana.

A zahiri kuwa labarin daban ne. Nazarin nan na ƙasashen Afirka tara ya nuna cewa a wajen Masar, tsaka-tsakin kwanan majinyaci daga ranar da aka gano cutar wata biyu da rabi ne, a Masar kuma kusan wata 11. Kashi 3 cikin ɗari ne kawai suka samu wani magani da aka yi domin sankarar, alhali a Masar kashi 76 ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Magidanci ya fara jin nauyi a gefen dama na cikinsa, yana rama, abinci ya fita ransa. Za a fara da maganin shawara, a sha saiwa da sassaƙe, wasu su ce sammu ne ko jifa. Sai ciki ya kumbura da ruwa, ido ya yi ɗorawa, sannan a nufi babban asibitin Gumel, daga nan a tura shi Dutse ko Birnin Kudu, ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, tafiyar kimanin kilomita 120. Lokacin da hoton ciki zai nuna ƙarin, ya riga ya cika hanta.

Su kuwa waɗancan gwaje-gwaje, majinyatan da hantarsu ke aiki sosai kawai aka ɗauka, masu iya tafiya da ƙafarsu, waɗanda aka riga aka danne musu ƙwayar nau'in B da magani, a gwajin na 2020 kuma aka leƙa maƙogwaronsu da na'ura don tabbatar babu jijiyar da za ta fashe. Maganin ƙarin ruwa ne duk mako uku ko huɗu, kowane zagaye kuma dubban daloli ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024. Asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta kafa ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza.

Wa aka ƙirga?

Akwai wani giɓin da ba a cika magana a kai ba. Kusan duk abin da aka sani game da dakarun da ke cikin ƙarin hanta ya fito ne daga naman da aka yanko a ɗakin tiyata, a Sin da Japan da Singapore da Turai da Amurka, daga mutanen da aka gano cutarsu da wuri. Inda ba a tiyata, babu naman da za a duba. Ko ɗan tsokar da akan ciro da allura, likitoci kan guje masa ga majinyacin da jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, sai su dogara da hoto da gwajin jini. Manyan gwaje-gwajen sababbin magungunan ma a waɗancan ƙasashe aka yi akasarinsu.

Ga ra'ayin mai wannan sharhi, wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga ilimin kansa. Sankarar da ta tsiro a hantar ɗan shekara 35, wanda ya kamu da nau'in B a zanen goyo, ya kuma ci gubar fumfuna tun daga kunun yaye, ba lallai ta yi kama da ta dattijo ɗan shekara 70 a Osaka ba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato na da likitocin hanta da masu nazarin nama, kuma rina alamomin CD8 da FOXP3 ba ya cikin ayyuka masu tsada a ɗakin bincike. Abin da ya yi ƙaranci shi ne majinyacin da ya zo da wuri.

Hanyar samun irin wannan majinyaci kuma sananniya ce. Gwajin nau'in B na ɗigon jini ne, ana samun sakamako cikin mintuna. Wanda aka samu yana buƙatar magani, ƙwayar tenofovir guda ɗaya a rana na danne cutar ta rage haɗarin sankara, kuma maganin ba baƙo ba ne a asibitocin Najeriya tunda yana cikin haɗin da ake bai wa masu ƙanjamau. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara shan sa. Masu haɗari sosai kuma ana son su yi hoton ciki duk wata shida, domin a kama ƙarin yana ƙarami, lokacin da wuƙa ko ƙonawa za su iya cire shi.

Ta fuskar rumbu, wani gwaji a ƙauyukan Kindia na ƙasar Gini da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa tsince lalatacciyar gyada da hannu, da shanya a kan tabarma, da zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako, sun rage gubar da ke jinin mutane da fiye da rabi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014, ana watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure.

Sai kuma rigakafi, wanda shi ma aiki ne da garkuwar jiki, amma tun kafin ta koyi kawaici da ƙwayar. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kuma zuwa 1997 an nuna sankarar hanta a tsakanin yara ta ragu da kusan rabi. Gambiya ta fara nata shirin a 1986. Najeriya ta shigar da allurar cikin rigakafin yara a 2004, wato waɗanda suka fara samun ta yanzu ne suka haura shekara ashirin, iyayensu da yayyensu kuwa ba su samu ba.

Allurar da ta fi muhimmanci ita ce ta farko, wadda ake so a yi cikin sa'o'i 24 da haihuwa don tare cutar daga uwa. Rahoton 2024 ya ce kashi 18 cikin ɗari ne kawai na jariran yankin Afirka ke samun ta. Binciken lafiyar iyali na 2018 kuma ya nuna cewa a arewa maso yammacin Najeriya, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Jaririn da aka haifa da dare a wani ƙauye na Gagarawa ko Sule Tankarkar, a hannun ungozoma, ba kasafai ake fita da shi ba sai bayan suna, maijego kuma tana wankan jego.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe na iya duba yiwuwar ɗaukar wannan allura zuwa gidaje ba tare da ƙanƙara ba na ɗan lokaci, domin tana jure zafin da ya kai maki 37 har kusan wata guda. An gwada hakan a karkarar Sin da Indonesiya, adadin jariran da suka samu a kan lokaci ya ƙaru. A Maigatari dai zafin watan Afrilu kan haura maki 40, kuma sai wani ya sanar da malamin asibiti cewa an haihu kafin ya hau babur.